Hita a Tsakar Rana

Kun taɓa jin an kunna hitar mota a tsakar rana, ana zuba gumi, don a ceci rai? Ku ɗan dakata da latse-latsen wayar nan, ku karanta.

Akwai wani dattijo, tsohon malamin labarin ƙasa, da ya yi ritaya amma bakinsa ya ƙi yin ritaya. Duk abin da ya karanta sai ya nemi wanda zai juye wa. Shi ya sa a gida ake ce masa Baba Kun-San-Cewa.

"Kun san cewa duniya ba mulmulalliya ba ce sumul? Tana da ɗan tumbi a tsakiya, kamar ni."

"Kun san cewa hujin da ke murfin biro an yi shi ne don idan yaro ya haɗiye, iska ta samu hanya?"

Da ya fara, sai falo ya watse. Wannan ya tuna yana da kira, waccan ta tuna da tukunya a wuta. Auta, ƙaramin ɗansa mai shagon waya, shi ba ya ma ɓoyewa.

"Baba, don Allah a bar mu mu huta. Duk wannan yana cikin waya."

Mutum ɗaya ce ke zama: surukarsa Maman Biyu, matar babban ɗansa. Tela ce, kuma ɗakin ɗinkinta na jikin falon. Ba wai kullum take jin daɗin zancen ba. Wani lokaci aiki ya yi mata yawa, kai na sara mata, amma in ta ga ya jawo kujerar robarsa kusa da keken ɗinki, sai ta kasa korarsa. Tana taka keke tana cewa, "Ikon Allah! Sai kuma me, Baba?"

Auta ya riƙa tsokanarta. "Matar Yaya, yaushe za a ba ki digirin? Ko sai kin maimaita aji?"

"Ranar yaye ni kai za ka riƙe min jaka," in ji ta.

Wata rana gab da azahar, mijinta ya yi tafiyar aiki, ta ji ƙarar faɗuwa daga banɗaki. Santsi ne ya kwashe Baba, kansa ya bugu da bakin siminti. Jini na zuba, idonsa a lumshe, ana kiransa yana amsawa da ƙyar.

Ta ƙwala wa Auta kira. Suka kinkime shi zuwa tsohuwar motar gidan. Auta ya zauna a baya, ya ɗora kan mahaifinsa a cinya, ya danne ciwon da tawul. Ita ta kama sitiyari.

Ba su yi nisa ba suka faɗa cunkoso. Motoci sun cushe, hon ta ko'ina, ana tafiya kamar ba a yi. Can ta kai ido kan mitocin da ke gaban sitiyari. Allurar zafin inji ta wuce tsakiya, tana hawa a hankali zuwa ja.

In injin ya mutu a nan, ina za su samu wata motar cikin wannan cunkoso? Tawul ɗin kuwa ya riga ya rine.

Sai ta ji muryar Baba a cikin kanta, da ƙarar keken ɗinki a bayanta, kamar ranar da ya faɗa mata: "'Yata, kin san cewa hitar mota daga jikin inji take ɗebo zafinta? In inji ya ɗau zafi, ki kashe esi, na'urar sanyin nan, ki kunna hita. Kin raba masa kaya ke nan."

Ta kashe esi. Ta sauke gilasai duka. Ta murɗa hita har ƙarshe, ta juya iskar zuwa ƙafafunta don kada ta doki Baba.

Wani huci ya taso kamar an buɗe murhu.

"Matar Yaya! Kanki ɗaya kuwa?" Auta ya daka tsawa. "Mutum na zubar da jini, ke kuma gasa mu za ki yi? Kashe abin nan!"

"Danne ciwon, Auta. Bar ni da motar."

"Wa ya koya miki wannan haukan?"

"Wanda ke kan cinyarka."

Auta ya ƙara danne tawul ɗin.

Yatsun ƙafarta na ƙuna, gumi na shiga mata ido, mayafinta ya jiƙe sharkaf. Ba ta ɗauke ido daga allurar ba, bakinta na ta addu'a. Allurar ta tsaya cak, gab da ja. Ta daɗe a nan kamar mai shawara. Sannan ta fara sauka kaɗan-kaɗan.

Suna wuce shataletale hanya ta buɗe, iska ta shigo, sai ƙofar asibiti.

Aka ɗinke ciwon, aka sa masa ruwa. Likita ya ce an kawo shi a kan lokaci. Daga baya makanike ya gano fankar lagireto, mai sanyaya inji, ita ce ta mutu.

Da yamma Baba ya buɗe ido. Ya dubi surukarsa, ya dubi Auta, ya dubi ledar ruwan da ke rataye a kansa. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Kun san cewa fiye da rabin jikin mutum ruwa ne?"

Maman Biyu ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta. "Alhamdu lillahi. Baba ya dawo."

Auta bai yi dariya ba. Ya jawo kujera har jikin gadon, ya kife wayarsa a kan durowa, ya riƙe hannun mahaifinsa.

"Ban sani ba, Baba. Sai kuma me?"

Ya waiga wajenta, kansa a ƙasa. "Matar Yaya, na gode. Jakar nan ni zan riƙe."

Darasi: Maganar da kake gudu yau don ta gundure ka, wataƙila ita za ka nema gobe ido rufe. Waya na da bayanai, amma ranar tashin hankali abin da ka saurara da haƙuri shi ke zuwa maka. Dabarar hitar kuwa ta ɗan lokaci ce: in allura ta shiga ja ko tururi ya taso, a tsaya a kashe mota, kada a buɗe lagireto da zafi.

In akwai Baba Kun-San-Cewa a gidanku, yau ku jawo kujera ku zauna kusa da shi. Sannan ku tura wannan labari ga wanda kuka san ya fi kowa saurin tashi daga falo.