Mai Renon Irin Albasa

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi. Ya ɗauki ma'aikaci, ya danƙa masa gadon yayyafi, inda ake renon irin albasa kafin a dasa. Irin nan siriri ne kamar allura, sai da gwangwani mai ƙananan huji ake ba shi ruwa, safe da yamma, a sunkuye.

Ma'aikacin ya yi ta jigila tsakanin rafi da gado. Bayansa ya ƙage, shuka kuwa kullum kamar jiya. Abokan aikinsa na babban lambu su tada injin ban-ruwa, su saki ruwa, su koma gindin mangwaro suna hira. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa gado, ya yi tsaki. Da ya roƙi mataimaki, maigidan ya ce, "Haba, ɗan wannan gadon? Ai ba aiki ba ne."

Wata rana haƙurinsa ya ƙare. Ya jefar da gwangwanin, ya jawo tiyon inji, ya sakar wa gadon. Kafin ƙiftawar ido ruwa ya tone irin, ya kwashe shi zuwa rafi.

Maigidan ya zo a guje, yana ihu, "Ga fili an gyara, me zan dasa? Me na yi maka?"

Ma'aikacin ya ce, "Maigida, na gaji. Ba wanda ya taɓa leƙo ni."

Lambun nan kuwa bai ga albasa ba a shekarar.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce: gadon yayyafi ajin ƙananan yara ne na ikilisiyarmu. Ma'aikacin shi ne malama ko malamin da ke share majina, yana maimaita aya guda har muryarsa ta dishe. Tiyon kuwa tsawa ce da bulala, waɗanda gajiya takan miƙa wa mutum.

Malamai, na san kun gaji, amma kada ku huce a kan yara. Zuciyar yaro ba ta ɗaukar ambaliya. Ku faɗi gajiyarku ga Ubangiji, ku faɗa mana da ƙarfi.

Mu kuma iyaye da dattawan ikilisiya, kaitonmu! Mu ne maigidan. Muna turo yara, mu shige sujada, mu miƙe ƙafa. Raina yana ɓaci in na tuna. Yau in an tashi, kafin ka ja hannun ɗanka, ka tsaya ka tambayi malamarsa ko ta karya kumallo.