Ƙasa da Reshe Daga Hannun Sarkin Aljanu

A wani zamani mai nisa, can ƙasar Jamus inda koguna ke daskarewa har doki ya bi ta kansu, an yi wani Hakimi mai suna Otgar, 'ya'yansa maza biyar, garinsa ɗaya tak. A al'adarsu babba ke gaje komai, saboda haka auta, Hildimar, ya tashi da doki, da takobi, da safar hannu ta baƙin ƙarfe, sai albarka. Ko a jikinsa, don irin mutanen nan ne da ko an kayar da su da dariya suke tashi.

Ana nan sai Sarkin sarakunan ƙasar ya yi shela cewa duk wanda ya gina ganuwa ta tsaya a kan Dutsen Gaggafa, to dutsen da kwarin da ke gindinsa nasa ne, har da auren Gimbiya Gisilinda. Jarumai goma sha ɗaya sun gwada, amma ginin hantsi ba ya kai la'asar, domin dutsen na Shamrahilu ne, Sarkin aljanu. A ƙasar kuwa fili ba ya zama naka sai ka durƙusa ka sa hannuwanka biyu cikin na mai shi, ya miƙo maka curin ƙasa da reshen itace. Tafin Shamrahilu wuta ne. Uku da suka yi ƙarfin halin zuwa gare shi, cikin sulke har yatsu, sun dawo da hannuwa a ƙone.

Hildimar ya ɗaura sirdi, ya ratsa hamadar ƙanƙara inda numfashi ke zama farin gari a gemu, ya keta birnin matsafa masu hawan kyarketai, ya kutsa kogon dutsen, har ya iske wata fada mai ginshiƙan zabarjadi da rufin yakutu, da tsuntsayen azurfa masu waƙa, ga aljanu sahu-sahu.

Ya durƙusa gaban Sarkinsu. Shamrahilu ya buɗe tafuka suna huci. Gaskiya Hildimar ya ji tsoro ƙwarai, amma sai ya tuna mahaifinsa ya sha ja masa kunne cewa ba a miƙa wa babba hannu a rufe. Ya zare safar ya ajiye.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ban zo ƙwace ba. Wurin zama nake roƙo, ni da zuriyata."

Ya rufe ido ya miƙa hannu, sai ya ji ɗumi kawai, kamar na gurasar da aka sauke yanzu. Shamrahilu ya tuntsure da dariya har yakutu ya riƙa kakkaɓowa.

"Ya kai ɗan Adam, wutata ƙarfe kaɗai take kamawa. Safarsu ce ta gasa su. Shekara ɗari bakwai ina jiran mai ladabi."

Ya ba shi ƙasa da reshe, aljanu suka taya gini, ganuwa ta tsaya. Aka ɗaura aurensa da Gisilinda, wadda ta duba hannuwansa ciki da bai kafin ta amsa, aka naɗa shi Hakimi. Reshen ya zama bishiya, gidan sarautar da ya kafa ya daɗe a inuwarta.

Da tsoho Otgar ya zo biki ya ga safar rataye a ƙofa, sai ya tambayi ɗansa ko ta yi masa amfani.

"Ƙwarai kuwa, Baba," in ji Hildimar, "ranar da na cire ta."