Waldar Da Ido Ba Ya Kaiwa

Akwai wani likitan haƙori a nan Amman, sunansa Dakta Muhannad. Yana da hannu a aikinsa, wannan ba mai musu. Matsalarsa ɗaya ce: tun da ya ƙware a abu guda, sai ya ɗauka ya ƙware a komai.

Duk Juma'a da safe yana cikin masu fita filin tseren motoci da ke hanyar hamada. Ba ƙwararru ba ne, masu sha'awa ne kawai, malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikatan banki, kowa da tsohuwar motar da ya gyara.

Bana sai 'yarsa Lujain, mai shekara ashirin da biyu, ta ci gwajin ƙungiya aka ba ta izinin shiga tsere. Shekara guda cur ta yi tana koyo. Uban ya saya mata wata ƙaramar mota ja, aka cire kujerun baya da duk wani tarkace. Abu ɗaya ya rage: kejin ƙarfe da ake haɗawa a cikin mota, wanda ke hana rufi danne direba idan mota ta kife. Ba keji, ba tsere. Dokar ƙungiya ke nan.

Saura kwana tara a yi tseren, suka kai motar can garin Sahab, garejin Abu Rakan.

Abu Rakan dattijo ne mai walda, ya haura sittin, bayan hannunsa duk tabon tartsatsi. Ba ya sauri, ba ya yawan magana. Ya sa Lujain ta zauna a kujerar direba da hular kwano a kanta, ya auna tsakanin hular da rufi, ya auna kafaɗarta da ƙofa, ya rubuta da alli a jikin bango. Sannan ya juyo.

“Sati uku,” ya ce.

“Kwana tara nake da su, Mu'allim.”

“To, kai kana da kwana tara, aikin kuma yana da sati uku.”

Dakta ya yi dariya. “Bututu nawa ne duka? Ka lanƙwasa, ka liƙa, ka fesa fenti. Me ke cin sati uku a nan?”

Abu Rakan ya ɗora yatsa a kusurwar rufin motar daga ciki.

“Nan ne ke ci. Duk inda bututu biyu suka haɗu, dole walda ta zagaye su gaba ɗaya. Ƙasa da gefe, ko makaho zai yi. Amma sama, inda ƙarfe ya manne da rufi, bakin walda ba ya shiga. Sai na huda ƙasan motar, na sauke kejin ta cikin hudojin kamar tsawon tafin hannu, na yi waldar saman, na ɗago shi, sannan na toshe ƙasan da farantin ƙarfe. Mahaɗa takwas ce a sama. Kowace sai ta huce kafin na taɓa ta kusa da ita.”

“Wa zai ga saman?”

“Kwalta za ta gani, ranar da motar ta juya.”

Lujain ta kalli ubanta. “Baba, ko mu jira tseren wata mai zuwa?”

“Ba abin da za mu jira.” Dakta ya ɗaga murya yadda maƙwabtan gareji da ke shan shayi a ƙofa za su ji. “Ka ji, Mu'allim, shekara bakwai na yi a jami'a ina karantar ƙarfe da ƙashi da yadda ake liƙa abu ya zauna. Kai kuwa tun kana yaro bututun ruwa kake tonawa. Tsufa ne ya kama ka, kake kiran sa ƙa'ida.”

Abu Rakan ya sa hannu ya goge allin da ke bango.

“Allah ya kiyaye maka ita,” ya ce.

A wani gareji can bakin gari aka yi musu kejin cikin kwana huɗu. Fari fat, sai sheƙi yake kamar kayan amarya. Dakta ya ɗauki hotuna ya tura wa zauren ƙungiya a waya, ya rubuta: “Wasu sati uku, wasu kwana huɗu. A gaishe mana da tsofaffi.” Mutane suka yi ta tura dariya. Abu Rakan yana cikin zauren. Shi ma ya gani.

Ranar Juma'a motoci talatin da ɗaya suka zo, mai duba motoci na ƙungiya kuwa mutum ɗaya ne tal. Ya auna kaurin bututun jar motar, ya girgiza kejin da hannu biyu, ya ga bai motsa ba, ya manna mata takardar shaida a gilashi.

Abu Rakan ma ya zo, ya rako motar wani malamin lissafi mai suna Udai. Yana wucewa ta layin motoci sai ya tsaya a gefen jar motar. Ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa ƙarƙashinta. Ƙasan lafiya lau, ba alamar huda, ba alamar toshi. Ya miƙe ya shafa gefen rufin. Ɗinkin kamfani ne, ba wanda ya taɓa yanke shi.

Ba a huda ƙasa ba, ba a cire rufi ba. To ta ina aka yi waldar sama?

Udai ya ja shi gefe. “Mu'allim, na ga idonka. Don Allah ka bar shi. Mutumin da ya tozarta ka a gaban jama'a? Duk abin da ka faɗa, cewa zai yi hassada ce.”

“Zai ce.”

“To me ya kai ka?”

“Ba shi zai zauna a kujerar ba.”

Lasifika ta sanar: rukunin sababbi, saura minti goma. Lujain ta riga ta shiga mota, an ɗaure mata bel, ta sa hula da safar hannu. Dakta yana tsaye da abokansa uku, yana nuna musu kejin ta taga.

“Dakta, ina son magana da kai. Mu biyu.”

“A'a, faɗi a nan. Jama'a, ga mai sati uku ya zo ganin aikin kwana huɗu!”

Abokan suka yi dariya. Abu Rakan ya jira suka gama.

“Ba a yi waldar sama ba. Kada ta fita da motar nan.”

“Ga takardar mai duba a gilashi. Ko shi ma bai kai ka sani ba?”

“Ya auna kauri. Bai leƙa sama ba.”

“Kai ka leƙa?”

“Ban leƙa ba tukuna. Amma na san hanya biyu ce kawai, kuma ba a bi ko ɗaya ba.”

“Kun ji ko? Bai ma gani ba, duba yake mana!” Dakta ya juya masa baya. “Lujain, tayar da mota.”

Injin ya tashi. Lasifika ta ce saura minti shida, motoci su fara shiga layi.

Abu Rakan ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro wani ɗan madubi zagayayye mai siririn mariƙi, wanda yake leƙa bayan ƙarfe da shi. Ya zagayo ya tsaya a gaban Dakta, ya miƙa masa.

“Irin naku ne. Ka fi ni iya riƙe shi. Kada ka yarda da ni, gani ya kori ji. In ka ga walda, zan tsaya a gaban lasifikar can na ce ni maƙaryaci ne.”

Ɗaya daga cikin abokan ya ce, “Kai, Dakta, duba mana ka rufe masa baki.”

Don haka kawai Dakta ya karɓa. Ya zura kai ta tagar fasinja, ya cusa madubin tsakanin bututu da rufi, ya haska da fitilar waya.

Ya ga farin fenti, sumul. Ya yi murmushi, har ya fara janyo hannu. Sai ya tsaya.

Shekara ashirin yana leƙa bayan haƙoran mutane. Ya san yadda ciko ke kama da lafiyayyen haƙori daga waje. Waldar gefe tana da ƙurji-ƙurji, layi bisa layi kamar saƙa. Ta sama kuwa ta cika santsi. Ya juya madubin ya danna wurin da ƙarshen mariƙin. Mariƙin ya nutse. Wani farin gari ya zubo a kan kujera.

Ba ƙarfe ba ne. Ƙullun cike lotsar mota ne aka cusa, aka bi da fenti.

Yana fito da kansa ke nan, mai tsaron layi ya ɗaga wa Lujain hannu. Ita ba ta ji komai ba, hula da ƙarar inji sun toshe mata kunne. Ta saki birki, motar ta tafi.

“Lujain!”

Muryarsa ta ɓace cikin rurin motoci goma sha biyu. Tana ta huɗu a layi, kuma an buɗe ƙofar shiga fili. Ta farko ta wuce. Ta biyu ta wuce.

Dakta Muhannad, da takalminsa mai tsada da tumbinsa, ya ruga a guje tsakanin motoci. Mai tsaron layi yana busa masa usur yana ihu. Ya yi tuntuɓe da tiyo, gwiwarsa ta daki kwalta, ya tashi. Mota ta uku ta wuce. Jar motar ta fara gangarawa ƙofa.

Ya faɗa kan bonet ɗin da ƙirjinsa. A gindin gilashi akwai jan makunni na waje, wanda ake kashe mota da shi idan an yi hatsari. Ya murɗa shi. Injin ya mutu.

Lujain ta ɗaga gilashin hularta, idonta jawur.

“Baba! Me ka yi? Shekara guda! Shekara guda nake jiran yau!”

Dakta sai haki yake. Ya buɗe mata tafin hannunsa, farin garin yana manne a jiki.

Aka turo motar gefe a gaban kowa. Mai duba motoci ya zo da sukundireba ya bi mahaɗa takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Shida ƙullu ne. Ya ɓare takardar da ya manna da hannunsa, ya ce a jawo masa sauran motocin ma bayan tsere. Dakta ya waiwaya neman Abu Rakan. Ya riga ya koma wurin motar Udai, yana duba iskar taya.

Lujain ba ta yi wa ubanta magana ba har gida. Washegari ma haka.

Ranar Lahadi da hantsi, Dakta ya rufe asibitinsa. Ya ɗauko baffansa Haj Miflih, dattijon gidansu, da Lujain, aka ɗora jar motar a kan babbar mota, suka nufi Sahab. Maƙwabtan nan masu shayi suna nan a ƙofa.

Abu Rakan ya jera musu kujeru, ya zuba gahawa. Haj Miflih ya karɓi kofinsa ya ajiye a ƙasa bai kurɓa ba. Dakta ma ya ajiye nasa. Kowa a wurin ya gane: sun zo da buƙata, kuma ba za su sha ba sai an biya musu ita.

“Abu Rakan,” in ji Haj Miflih, “ɗanmu ya yi maka laifi a wannan ƙofar, a gaban waɗannan mutanen. Shi ya sa muka kawo shi nan, ba gida ba. Muna neman afuwa, muna kuma neman hannunka a kan motar yarinyar nan.”

Dakta ya miƙe. “Mu'allim, na zage ka, ka rama mini da ran 'yata. Ban san yadda ake biyan wannan ba.”

Abu Rakan ya juya. Ya dubi Lujain, wadda ke tsaye a gefe ta harɗe hannu.

“'Yata, har yanzu kina fushi?”

“Baffa, da na gama tseren lafiya. Ban taɓa kifewa ba.”

“Zo ki gani.”

Ya sa aka sauko da motar. Ya ɗauko jak, ya kafa shi a cikinta, ya tokare bututun da ke bin saman ƙofar direba. Ya miƙa mata mariƙin jak ɗin.

“Ke za ki danna. A hankali.”

Ta danna sau ɗaya. Shiru. Sau biyu, fenti ya tsage. A na uku sai aka ji ƙas! Mahaɗar ta rabu, bututun ya fizge, bakinsa mai kaifi ya sauko ya huda matashin kujera, daidai inda wuyan direba ke jingina.

“Wannan ƙarfin hannunki ne kawai,” in ji Abu Rakan. “Ba nauyin mota ba.”

Haj Miflih ya yi salati. Lujain ta daɗe tana kallon hudar da ke kujerar. Sannan ta saki mariƙin, ta je ta tsaya kusa da ubanta, ta riƙe hannun rigarsa kamar ƙaramar yarinya.

Abu Rakan ya zubar da gahawar da ta huce, ya zuba sabuwa.

“Ku sha gahawarku. Abin da kuka zo nema kun samu.”

Dakta ya ɗauki kofin, amma hannunsa rawa yake, har gahawar tana zuba a kan wandonsa. Abu Rakan ya kalli hannun, ya kalli maƙwabta.

“Dakta, da wannan hannun kake cire wa mutane haƙori? Wallahi gara na zauna da nawa ciwon.”

Aka fashe da dariya. Dakta ma ya yi, hawaye na bin kuncinsa, ya shanye kofin.

Darasi: Ƙwarewarka a fanninka ba ta mayar da kai malami a fannin wani, kuma ingancin aiki yana can inda ido ba ya kaiwa. In mai sana'a ya ce maka a jira, tambaye shi dalili kafin ka raina shi. In kuma kai aka raina, kada zafin zagi ya hana ka faɗin gaskiyar da za ta ceci rai. Ku tura wa duk wanda kuka san yana gaggawa a kan abin da ran wani ya rataya a kai.