Lambun Kowa da Kowa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku buɗe kunne!

Ta zo mu ji, a buɗe yake!

Dabbobin gari suka shirya yin lambun shaƙatawa. Su Kunkuru na unguwar fadama suka ba da dashen itatuwa, aka kai can kan tudu, unguwar su Barewa, aka dasa. Aka ce na kowa ne, daga hantsi zuwa la'asar.

Jikokin Kunkuru ba su da wurin wasa sai burtali, inda shanu ke tattaka su. Kunkuru ya ɗebe su tun asuba zuwa lambun. Suna isowa, Kura mai gadi tana rufe ƙofa.

"Haba Kura, tun asuba fa muke tafe!"

"Baba, lokacin da aka ba Barewa shi aka ba ka. Ko so kake a yi son kai?"

Sau uku ana haka. Da aka kira taron kafa sabon lambu, Kunkuru ya ce yau zai amayar da abin da ke cikinsa. To, ina aka yi taron? A cikin lambun! Ya iso ana watsewa.

Zomo, shugaban taro, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, mun tuna da ku. Shekara guda ba mu ga ɗan fadama ko ɗaya a lambu ba, ashe ba kwa so. Don kada mu takura muku, sabon ma a tudu za a yi."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Ba don Gizo ba da na yi ƙarya, amma jikokin nan suna burtali har yau.