Sabulu a Kurtun Malam Maharazu

Akwai wani malami a Illela, Malam Maharazu, da ya shahara da kyan rubutu a shekarun da aka samu 'yancin kai. Hannu gare shi kam, amma girman kai ya fi hannun.

Matarsa Tasalla ce ke dafa masa tawada da ƙaro da bagaruwa. Shekara ashirin tana yi, ko sannu bai taɓa ce mata ba.

Yana tsakiyar rubuta wa masallacin Kalmalo Alƙur'ani, sai wani ɗan kasuwa, Alhaji Halliru, ya kawo masa tsarabar sabulu mai ƙamshi daga Ƙonni. Malam ya ga ai kurtun tawadarsa ya cancanci ƙamshi. Ya wanke shi da sabulun, bai ɗauraye sosai ba, ya zuba tawada.

Kafin azahar tawada ta rabu biyu: kauri a ƙasa, tsararo a sama. Ya girgiza, ta haɗu, ta sake rabuwa. Da taurin kai ya tsoma alƙalami, tawada ta bazu a takarda, shafi ya lalace.

Tasalla ta sunsuni kurtun, ta ce, "Malam, mi kas sa cikin kurtun ga?"

Tambayar ta ƙona masa rai. A gaban baƙi ya ce tsufa ya kashe mata hannu, da gangan take ɓata masa aiki. Nan take ya sake ta. Wallahi abin da ciwo.

Ta koma gidansu a Kalmalo. Shi kuwa ya sayo tawada, ya sake wanke kurtu da sabulun nan. Ya zuba tawadar, ta rabu biyu kamar ta farko. Sai ya gane laifin sabulu ne, ba na Tasalla ba.

Ya tafi biko. Tasalla ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Ƙaro da sabulu ba su zama kurtu guda, Malam. Ka girgiza da hannunka, ka gani. Ni ma na rabu."

Alƙur'anin dai wani malami ya ƙarasa shi, da tawadar Tasalla.

Darasi: Kafin ka ɗora wa wani laifi, duba abin da hannunka ya zuba. Wanda ya daɗe yana yi maka hidima, saurari tambayarsa. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.