Kalgon Bakin Gona

Akwai wani manomi a wata ƙasa mai yashi, yana da gona guda ɗaya wadda ya gada daga mahaifinsa. Mutum ne mai ƙwazo. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, yakan ɗauki adda ya yi sassabe, ya sare duk wani toho da ya fito daga tsofaffin kututturai, ya tara, ya cinna wuta, har gonar ta yi fes kamar tsakar gidan da aka share. Haka kowa yake yi a garin. Wanda aka ga ganye a gonarsa, sai a ce malalaci ne.

Amma gonar tana mutuwa. In gero ya tsiro, sai iskar farkon damina ta taso, ta kwaso yashi ta yanke shi, ta binne saura. Wani lokaci sai ya yi shuka sau uku a shekara guda, duk da haka rumbunsa ba ya kai su tsakiyar rani. Wata rana ya ce wa matarsa, "Rifkatu, in ƙasar nan ta ci gaba da haka, sai mu bar ta mu tafi birni." Ita kuwa ta san in ya bar gonar mahaifinsa, rabinsa ne kaɗai zai isa birnin.

A bakin gonar kuwa akwai kututturen wani kalgo. A ƙarƙashin wannan kalgon ne ya fara yi mata magana tun suna da ƙuruciya, ranar da ta tsaya shan inuwa da tulu a kanta, shi kuma ya tambaye ta hanyar rijiyar da ya fi kowa sani. An sare itacen a shekarar yunwa, amma kowace shekara sai kututturen ya yi toho, kowace shekara kuma sai adda ta bi ta kansa.

A wannan shekara Rifkatu ta ce, "Maigida, bar mini wannan guda ɗaya."

Ya ce, "Za a yi mini dariya."

Ta ce, "Ka ce na matarka ne. Ni a yi mini."

Ta yagi bakin tsohon zanenta, ta ɗaura a tohon da ya fi ƙarfi domin kada adda ta manta, ta rage sauran. Ya bar shi.

Bayan damina biyu sai ga wata masaniya ta zo daga birni, mace ce da ta yi shekaru tana nazarin yadda hamada take cin ƙasa. Ta zo da mota cike da ƙananan itatuwa a cikin baƙar leda. Aka dasa su, aka kewaye su da ƙaya, aka yi ta ɗebo musu ruwa. Kafin bazara ta ƙare, rana ta ƙone wasu, awaki suka cinye wasu, gara ta gama da saura.

Manomin ya same ta da tsakar rana tana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya, tana duba busassun tsinkaye, fuskarta duk ta faɗa. Ya ji tausayinta. Ya ce, "Malama, zo ki fake daga rana." Ba wata inuwa a duk wurin sai ta ɗan kalgon nan, wanda a lokacin ya wuce tsayin mutum, ganyensa kore shar.

Ta dube shi ta ce, "Baba, wa yake ba wannan ruwa?"

Ya ce, "Ba kowa."

"Wa ya dasa shi?"

"Ba wanda ya dasa shi. Rigimar matata ce kawai."

Masaniyar ta durƙusa, ta roƙi aron fartanyarsa, ta yi ta tona gindin kalgon har ta iske saiwa mai kauri kamar cinyar mutum, ta nutse can cikin ƙasa inda danshi yake. Ta daɗe a durƙushe. Sa'an nan ta tashi ta zaga gonar, ta ga kututture ko'ina, kowanne da tabon adda. Ta ce, "Ashe dajin bai mutu ba, yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Baba, me ya sa kuke sare su?"

Ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. Ya ce, "Na ɗaya, kunya. Na biyu, doka. A ƙasar nan, toho nawa ne, amma da zarar ya zama itace, na hukuma ne. In na karya reshe guda, mai tsaron daji zai kama ni. To, wa zai yi renon abin da zai kai shi ƙara? Gara in kashe shi tun yana ƙarami."

Ta rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta. Ta yi watanni tana bin ƙauyuka, tana tona, tana aunawa, tana tambaya. Ranar tafiyarta ta ce masa, "Ka bar kututturan nan su tashi. Ni zan kai maganar doka inda ake yin ta." Ya ce to, amma a ransa ya ce masu mota ba su dawowa.

Duk da haka ya bar su, domin Rifkatu ta riga ta yayyage sauran zanen, ta bi gonar tana ɗaurawa. Maƙwabta suka samu abin yi. In sun wuce sai su ce, "Sannu da hutawa, mai kurmi! Yaushe za a kawo kuraye?" Wani ya ce, "Gonar ce ta yi aure, aka ɗaura mata kallabi?" Ya ci gaba da aikinsa.

Shekara ta wuce, wata ta bi bayanta, ba labarin masaniya. A ta uku mai tsaron daji ya zo, ya shafa jan fenti a jikin manyan itatuwan, har da kalgon bakin gona. Ya ce, "Daga yau waɗannan ba naka ba ne. Ko ganye kada ka tsinka."

Manomin ya koma gida ya wasa addarsa. Ya ce wa matarsa, "Gobe zan sare ƙananan kafin su ma su zama na wani. In gonar ta ƙi, mu tafi." Rifkatu ta ce, "Ka duba ƙasa tukuna kafin ka ɗaga hannu."

An yi iska mai ƙarfi a wannan mako. Da safe ya fita da adda, ya ratsa gonar maƙwabcinsa, ya ga yashi ya shafe shukar kamar ba a taɓa yi ba. Ya shiga tasa, ya isa kan toho na farko, ya ɗaga hannu, sai ya tuna, ya dubi ƙasa. A bayan kowane ɗan itace, gero yana tsaye. Busasshen ganye ya taru a gindinsa, ƙasar ta yi duhu, ta yi laushi. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ko ba nawa ba ne, su ne suka tsare mini gona." Ya rataya addar a kafaɗa ya koma gida.

A kakar wannan shekara rumbunsa ya cika. Bayan kaka kuma sai aka yi shela a kasuwa cewa an sake doka: duk wanda ya reni itace a gonarsa, nasa ne. Ashe shekara uku masaniyar tana hawa tana sauka a gaban masu mulki. An sa rubutunta a aljihun tebur, ta sake rubutawa. An ce ta dawo wata mai zuwa, ta dawo. A ƙarshe ta ɗauki guntun saiwar da ta tono, ta ajiye a gabansu, ta karanta musu maganar manomin kalma da kalma.

Da ta dawo garin, ta rame, furfura ta fara fito mata. Ta ga tsummoki suna kaɗawa a gonakin waɗanda suka yi dariya. Rifkatu ta shimfiɗa mata tabarma a gindin kalgon, ta miƙa mata ruwa. Manomin ya ce, "Malama, ga inuwarki." Ta ce, "Ba ni na dasa ba, Baba. Tambaya kawai na yi."

Ma'anar wannan misali ita ce: gonar ita ce zuciyar mutum, ita ce kuma gidajenmu da garuruwanmu. Saiwar da ke ɓoye ita ce ran da Allah ya sa a cikin abin da muka ce ya mutu. Adda ita ce tsoro da kunyar mutane, waɗanda suke sa mu sare alheri tun yana toho. Masaniyar kuwa ita ce duk wanda Ubangiji ya ba ilimi. Iliminta bai ba da 'ya'ya ba sai da ta durƙusa ta saurari talaka, sa'an nan ta miƙe ta yi magana dominsa a gaban manya, ba ta gaji ba.

Ku da kuke makaranta, ku yi karatu da dukan ƙarfinku, amma ku sani ba a auna ilimi da kaurin littafi. Ana auna shi da wanda ya samu inuwa saboda shi. Ku kuma da kuke da wani kututture a gida, ɗan'uwan da kowa ya fid da rai a kansa, ko addu'ar da kuka daina yi, ko zumuncin da ya bushe, kada ku yi saurin ɗaga adda. Ku dubi ƙasa tukuna. Ku ɗaura masa ɗan tsumma, ku bar shi ya ga damina.