Ɗan Tsakon da Aka Yi wa Dabaibayi

Ku matso, masu kunnen ƙashi. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata mata ce, Tasalla, da mijinta Jatau mai jaki. Tana da kaza guda, Wake-wake. Ta fi son kazar nan a kan Jatau, ni shaida ne, katangarmu ɗaya. Da kaza ta tashi kwanci, sai Tasalla ta ce tata ba za ta kwanta a ƙasa kamar kajin mutane ba. Sai ta sauko da farantin tangaran na jerenta, mai santsi kamar jiƙaƙƙen sabulu, ta zuba ƙwai a ciki.

Duk suka yi baragurbi sai guda. Ɗan tsako ya fito, ya yunƙura zai miƙe, sai santsi ya kwashe shi. Ƙafa ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi yamma. Yatsu kuma a dunƙule kamar ɗan dambe.

Sai shirwa ta leƙo daga kan tsamiya. Ta ce, "Barka da arziki, Tasalla. Ranar da uwarsa ta fita kiwo, wanda bai iya gudu ba nawa ne."

Sai Tasalla ta kira Barmo maɗori. Ya juya tsako, ya ce, "Karaya ce."

Ta ce, "A ina ya karye?"

Ya ce, "Shi ne ban gani ba. Amma karaya ce."

Sai ya ɗaure kowace ƙafa da tsinken tsintsiya. Ƙafafu suka ƙara miƙewa, gabas da yamma. Aka kwance.

Sai ta kira Nomau wanzami. Ya ce, "Mataccen jini ne, ƙaho za a yi." Ya kafa ƙaho, ya zuƙa, sai tsako ya shige ciki ɗungurungum. Aka duba ƙasa babu, aka duba sama babu. Sai da ƙaho ya ce "tsiyau" aka zazzago shi.

Sai ta kira Iya Ladingo unguwarzoma. Ta ce, "An yi wankan jego?"

Tasalla ta ce, "Wa za a yi wa, Iya, ni ko shi?"

Ta ce, "Wa ta haihu?"

Sai aka kama Wake-wake, aka tafasa ruwa da ganyen darbejiya, aka fyaɗa mata. Ta ƙwace, ta haye kan rumbu. Ta ce, "Gashina na bushewa zan fita kiwo. Mai biyo ni ya biyo ni."

Tasalla ta zauna tana kuka. Sai ga Jatau daga kasuwa. Shi kuwa ban da jaki bai san komai ba a duniya. Ya tsuguna, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ai guduwa zai yi, hanya ce bai zaɓa ba. A yi masa dabaibayi."

Ta ce, "Maigida, wanda bai iya tsayuwa ba ne zai gudu?"

Ya ce, "Haka jakina ya fara."

Aka nemi zare aka rasa. Sai na leƙo ta katanga, na zare sili guda daga mazagin wandona. Kar ku yi dariya, tun ranar nake tafiya da hannu a ƙugu. Jatau ya haɗa ƙafafun, ya ɗaure sako-sako, ya bar tsakani kamar faɗin yatsa. Sai ya ce mai dabaibayi wajen jaki yake zama. Ya kai shi turke, ya ajiye a kan yashi.

Yashi ba santsi. Tsako ya dafa, ya faɗi, ya dafa, ya tsaya. Tasalla tana kai masa tsaki da ruwa a murfin kwalba, tana murza masa yatsu har suka buɗe. Jaki kuma yana yi masa inuwa.

Ran nan gashin kaza ya bushe. Ta sauko, ta nufi ƙofa. Tsako ya fito fili yana ɗingishi. Sai shirwa ta sako kai. Tasalla ta ɗora hannu a ka. Zaren nan, na tsohon wando ne, sai ya tsinke. Tsako ya zuba da gudu. Uwar ta buɗe fiffike, sai ya wuce ta, ya shige ƙarƙashin jaki. Shirwa ta biyo shi, jaki ya ba ta ƙafa biyu a ƙirji. Har yau ba ta sauko ba, ita ce kuke gani tana kewaya sama.

Barmo ya ce ɗorinsa ne. Nomau ya ce ƙahonsa ne. Iya Ladingo ta ce wanka ne. Jatau ya ce shi dai bai gane ba, ya ɗaure shi don kar ya gudu, ga shi ya gudu.

Tsakon ya zama zakara, amma da asuba kukan jaki yake yi. Na taɓa hawansa zuwa kasuwa.

Ƙurunƙus kan kusu. Mai musu ya je ya tambayi jakin. Ku dai kar ku sa ƙwai a faranti, kuma in kun ga tsoho riƙe da wando, ku gaishe shi da kyau.